Kalmar “Tilas” Da Masu Fakewa Da Ita

Ba kalmar da dattawan ikilisiya suka fi ji a wurin zaman sulhu kamar “tilas”. Wanda ya ci bashin hatsi tun bazara, kaka ta zo ta wuce bai biya ba, ya ce tilas ce ta sa. Ma'aikacin da ya karɓi toshiyar baki ya ce tilas ce, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Uban da ya kai 'yarsa ɗakin miji tana kuka ya ce tilas ce, dangi sun riga sun yi magana. Da an ambaci kalmar sai wuri ya yi tsit. Waɗansu dattawa sukan karɓe ta ɗungum, su ce a bar maganar. Waɗansu kuwa ba su karɓarta ko kaɗan, a ganinsu duk wanda ya ce tilas hanyar gudu yake nema. Dukansu biyu sun yi garaje, gama kalmar tana da ma'ana, tana kuma da iyaka, Bahaushe kuwa ya san iyakar tun kafin a fara rubuta harshensa da boko.

Abin da ya kamata a fara lura da shi, ba kowane aikin da mutum ya yi ba da zaɓinsa ba ne Hausa take kira tilas. Ba a cewa mutum ya yi atishawa tilas, ko ya yi hamma tilas. Cewa ake yi atishawa ta zo masa, shaƙuwa ta kama shi, barci ya sace shi, dariya ta ƙwace masa. A duk waɗannan, harshen ya ɗauke aikin daga kan mutum ya ɗora wa abin da ya same shi. Haka yarinyar da ta dawo daga rijiya hannu wofi takan ce tulu ya fashe, ba ta cewa ta fasa tulu, uwar kuwa ta san bambancin maganganun nan biyu sarai, shi ya sa take tambaya, “Fashewa ya yi ko fasa shi kika yi?” Wanda magana ta kuɓuce masa an ce ya yi suɓul da baka. Ba mai tuhumarsa da niyya, ko da yake akan ce ya riƙa kula da bakinsa.

Akwai kuma aikin da mutum ya yi da hannunsa, yana sane yana aiki, amma abin da ya fito ba shi ya nufa ba. Wannan shi ne kuskure, ko tsautsayi, ko abin da aka yi ba da gangan ba. Shari'ar Musa ta ba shi wuri na kansa. Maimaitawar Shari'a sura 19 ta kawo misalin mutum biyu da suka tafi jeji saran itace, ruwan gatari ya fice daga ƙota ya sami ɗaya ya mutu. Duk manomin da ya taɓa riƙe gatari mai sakakkiyar ƙota ya san yadda wannan yake faruwa. Saboda irin wannan mutum aka keɓe biranen mafaka shida, uku a kowane hayin Urdun, Joshuwa sura 20 ta lissafta su. Ba a kashe shi, amma ba a ce ya koma gida kamar ba abin da ya faru ba. Zai zauna a birnin har babban firist ya rasu, gama an zubar da jini, akwai kuma gidan da aka bari da makoki. Ba wanda ya tilasta wa mai gatarin nan. In ya ce tilas ce, bai faɗi daidai ba, kalmarsa ita ce “ban nufa ba”.

To, mece ce tilas? Karin maganar Hausa ya faɗe ta a taƙaice, dole ƙanwar naƙi. Wato ƙi shi ne babba, shi aka fara haifa, dole ta biyo bayansa. Inda ba a ƙi ba, ba tilas. Sai zuciya ta ce a'a, wani abu da ya fi ta ƙarfi ya danne ta, sa'an nan kalmar ta sami wurin zama. Ke nan a cikin kowace tilas ta gaskiya akwai abu uku da za a iya nunawa da yatsa: mai tilastawa, da abin da ya riƙe a hannu, ko bulala ko wuƙa ko yunwa, da kuma wanda ya ƙi aka fi ƙarfinsa. “Dole” da “tilas” kusan abu guda suke nufi, a baki ɗaya ma akan ji su duka biyu. Maƙwabta ma sun san su, Zabarmawa suna cewa tilas, Fulani suna cewa dole, don haka a kasuwar Yamai ko ta Garwa ba sai an nemi tafinta a kansu ba.

Kuskure na fari da ake yi da kalmar a cikin sujada ake yinsa, yawanci a bakin masu fassara wa'azi. Mai wa'azi ya faɗi da Faransanci cewa ya kamata mai bi ya yi abu kaza, tafinta ya juya ya ce tilas ne mai bi ya yi. Tilas ne a zo addu'ar asuba, tilas ne a ba da baiko, tilas ne a gafarta. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan wuri ba: akwai wajibi, akwai “ya kamata”, akwai “ya wajaba”, akwai “lalle”. Wajibi abu ne da yake kan mutum, yana da iko ya ƙi, in ya ƙi ya yi laifi. Tilas kuwa ta riga ta ƙwace ikon ƙin. Wanda ya ce baiko tilas ne ya yi karo da Manzo Bulus, wanda a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa sura 9 ya raba bayarwa da tilas, ya bar wa kowa abin da ya ƙudura a ransa. Haka ya yi da Filimon a kan Unisimas. Yana da ikon ba da umarni, ya faɗi haka a fili, amma ya zaɓi roƙo don alherin Filimon ya fito daga son ransa. Ikilisiyar da ta saba jin “tilas” daga bagade kowace Lahadi takan zama kamar gonar gandu, ana aiki muddin mai gandu yana tsaye.

Tsofaffin ƙasashen nan ba su bukatar a fassara musu tilas ta gaskiya, iyayensu sun ɗanɗana ta. A zamanin mulkin Faransa kumandan yakan aika wa sarki yawan mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, a kwashi majiya ƙarfi a tsakiyar aikin gona a kai su gyaran hanya ko ɗaukar kaya. Daga kudancin Cadi an kwashi mutanen Sara zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kwango, wadda aka gina daga 1921 zuwa 1934, dubbai ba su komo ba. A Nijeriya ma, lokacin yaƙin duniya na biyu, an ɗebi mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka yi dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulki, dokar da ake kira da sunan Hufuwet Buwanyi na Kodebuwa. Mutumin da aka tasa a gaba da bulala ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ba mai hankalin da zai ce masa rago.

Irin wannan tilas ce Yesu yake magana a kai a Matiyu sura 5, inda ya ambaci wanda aka sa tafiyar mil guda. Kalmar Helenanci da take wurin, angarewo, asalinta daga Farisa ne, daga manzannin sarki masu ikon ƙwace doki ko mutum a hanya don saƙon sarki ya isa. Sojan Roma ya gāji wannan iko, yakan tsai da talaka ya aza masa kaya. Kalmar nan ce kuma aka mora a kan Saminu Bakurane, mutumin Kurane ta ƙasar Libiya ta yanzu, wanda yana shigowa daga ƙauye sojoji suka kama shi suka aza masa gicciye. Saminu bai zaɓa ba. Ba a yaba masa a kan ya yi niyya, ba a kuma zarge shi da taimakon masu kisa. Abin lura a koyarwar Yesu shi ne inda ya sa iyaka. Mil na fari na soja ne, ba yadda za a yi. Na biyu kuwa ba mai iya ƙwatarsa, sai dai a bayar. Ko a tsakiyar tilas ya nuna wa mutum ɗan filin da ya rage nasa.

Wannan ɗan fili shi ne wurin da shari'ar dattawa take da wuya, gama tilas hawa hawa ce. Akwai wadda ba ta bar kome ba, kamar a kama hannun mutum a yi aiki da shi. Akwai kuma wadda ta bar zaɓi, amma tsakanin mugunta biyu. Ayyukan Manzanni sura 27 ta ba da labarin jirgin da Bulus yake ciki, mutum 276, hadiri ya yi ta bugunsu har dare na goma sha huɗu, a ƙarshe suka zubar da alkamar jirgin a teku. Da hannunsu suka zubar, suna sane, sun kuwa zaɓa. Amma ba ɗan kasuwar da zai zubar da alkama a teku da rana tsaka ruwa yana kwance. Yawancin abin da mutane suke kira tilas irin wannan ne. Matar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe a shekarar yunwa da rabin kuɗinta ta zaɓa, amma yunwa ce ta tsaya mata a kai.

Ikilisiyar farko ta sha fama da wannan tambaya, ba kuwa a kan akuya ba. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya ba da umarni kowa a mulkin Roma ya yi hadaya ga gumaka a ba shi takardar shaida. Masu bi da yawa suka faɗi. Da tsanani ya lafa suka komo suna neman a karɓe su, kowa yana cewa tilas ce. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, bai auna su da mudu ɗaya ba. Ya raba wanda aka azabtar har jikinsa ya kāsa da wanda ya ruga dandali tun ba a kira sunansa ba. Bayan wani tsananin kuma, a shekara ta 314, shugabannin ikilisiya suka taru a Ankira, wato Ankara ta ƙasar Turkiyya, suka bi abin dalla dalla. Wanda aka kama, aka cusa masa abin hadaya a hannu ko aka tura masa naman a baki yana ta faɗa shi Kirista ne, suka ce ba shi da laifi, kada a hana shi Jibin Ubangiji. Wanda ya je bikin gumaka da tufafin makoki yana kuka, aka sassauta masa horo. Wanda kuwa ya je da adonsa, fuska a sake, ya ci ya sha, aka sa masa shekara shida kafin a komo da shi sosai, ko da yake shi ma cewa ya yi an tilasta masa. Har tufafin da mutum ya sa suka duba. Wani zai ce wannan bin diddigi ya yi yawa, amma abin da suke nema a bayyane yake, suna neman alamar naƙi, yayar dole.

In aka ɗauki wannan ma'auni aka gwada a kan masu cewa tilas a cikin Littafi Mai Tsarki, da yawa ba su tsira. A 1 Sama'ila sura 13 Saul yana Gilgal, ya jira Sama'ila kwana bakwai, mutane suna watsewa, Filistiyawa sun taru. Ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ne, da Sama'ila ya iso kuwa sai ya ba da hujja irin ta wanda aka matsa wa. Wa ya matsa masa? Ba wanda ya riƙe masa hannu. Tsoro ne da gajen haƙuri, Sama'ila kuwa bai karɓi hujjar ba. Hirudus ma haka. Markus sura 6 ta nuna ransa ya ɓaci ƙwarai sa'ad da 'yar Hirudiya ta roƙi kan Yahaya Maibaftisma, amma saboda rantsuwarsa da idon baƙinsa ya aika aka yanke. Shi ne mai sojoji, shi ne mai kurkuku, ba wanda ya fi shi ƙarfi a ɗakin nan. Kunya ce ta kashe Yahaya.

A nan Bahaushe ya kamata ya tsaya ya dubi kansa, gama kunya tana da girma a wurinsa, daidai ne kuwa ta yi girma. Ita take hana yaro ɗaga ido a gaban surukinsa, ita take sa maƙwabci ya rufa wa maƙwabci asiri. Amma rabin tilas ɗin da ake kawowa gaban dattawa kunya ce ta sa rigar tilas. Mutum ya ci bashi mai ruwa don bikin suna ya fi na ƙaninsa, ya ce tilas. Ya yi shaidar zur don mai ƙarar ɗan garinsu ne, ya ce tilas. In aka tambaye shi abin da zai same shi da ya ƙi, amsar ba ta wuce “mutane za su yi magana”. Maganar mutane tana da zafi, ba mai musun haka, amma ba bulala ba ce. Bitrus ma da ya yi musun Ubangijinsa a gaban baranya, yana da hujjar tsoro wadda ta fi ta waɗannan nesa, duk da haka bai ce tilas ba, fita ya yi ya yi kuka.

Abin da ya fi muni shi ne, kalmar da ake ba mai ƙarfi a sauƙaƙe, ita ake hana wa marar ƙarfi. A koma kan uban nan da 'yarsa. Uban ya ce tilas ce ta sa ya ba da ita, don ya riga ya ci kuɗin mutane, ko don wansa ya yi alkawari, dattawa suka gyaɗa kai. Yarinyar ta gudu daga gidan mijin bayan wata biyu, aka kawo ta gaban dattawan nan, ta ce ita ba ta taɓa yarda ba, sai aka ce mata taurin kai, aka karanta mata ayoyin biyayya. Alhali in akwai mai ikon cewa tilas a cikin maganar duka, ita ce. Ita ta ƙi, an ji ƙinta, an san wanda ya danne ta da abin da ya danne ta da shi. Hausa ma ta riga ta raɗa wa abin suna, auren dole, ba ta kuwa ce dolen uban ba ce. A Farawa sura 24, bayan da manya suka gama shirya auren Rifkatu, da maganar tafiya ta taso sai da aka kira ta aka ji daga bakinta. Dokar ikilisiyar Katolika ta 1983 ta ce auren da aka ɗaura da ƙarfi, ko da tsoro mai tsanani da aka jefa wa mutum har ya ga ba mafita sai auren, ba aure ba ne.

Haka yake ga macen da aka yi wa fyaɗe. Sau da yawa ita ake dakatarwa daga Jibi, ita ake nunawa da baki, musamman in ciki ya fito, namijin kuwa ya bar gari ko ya yi shiru. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta yanke wannan tun da daɗewa: budurwar da aka kama a jeji, inda ko ta yi kururuwa ba mai ji, ba ta da laifi, an kwatanta abin da ya same ta da mutumin da aka tasar wa aka kashe. Bayan da aka ci birnin Roma a shekara ta 410, aka ɓata mata masu bi da yawa, Agustin bishop na Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya, ya rubuta yana ƙarfafa su cewa tsarki a cikin zuciya yake zaune, abin da wani ya yi wa jiki ba da yardar mai jikin ba bai iya ƙwace shi. Dattijon da ya dakatar da irin wannan mace ya hukunta ta a kan zunubin wani.

Agustin ɗin nan kuwa, da ya gane tilas sarai a wannan wuri, shi ne ya yi tuntuɓe da ita a wani wurin, tuntuɓen da ikilisiya ta daɗe tana ɗingishi da shi. A Luka sura 14 akwai misalin mutumin da ya shirya babban biki, waɗanda aka gayyata suka ba da hujjoji suka ƙi zuwa, ya aiki bawansa ya kawo gajiyayyu da makafi da guragu, da wuri ya ragu kuma ya sāke aikensa bayan gari ya matsa wa mutane su shigo. Agustin ya kafa hujja da wannan aya cewa daidai ne hukuma ta yi amfani da ƙarfi ta komo da 'yan Donatus, waɗanda suka ware daga ikilisiya a Afirka ta Arewa. Bayansa masu mulki da yawa a Turai suka fake da ayar suka tsananta wa waɗanda ba su bi irin bangaskiyarsu ba.

Kalmar da take a Luka ba ita ce ta soja da mil guda ba. Wata ce dabam, anankazo, wadda takan ɗauki ma'anar ƙarfi a wani wuri, a wani wurin kuma matsawa ce kawai, kamar yadda Yesu ya sa almajiransa su shiga jirgi su riga shi hayewa. Abin da yake raba su shi ne labarin da kalmar take ciki. Bawa ɗaya ne aka aika, ba shi da sanda, waɗanda suka ƙi zuwa da fari kuwa ba a aika a kamo su ba, an bar su da gonarsu da shanunsu. Waɗanda aka ce a matsa wa su ne na bakin hanya, masu tsumma, waɗanda in an ce musu attajiri yana kiransu cin abinci za su ce ba'a ake yi musu. Duk wanda ya taɓa sauka a gidan Bahaushe ya san wannan matsawa. An kawo tuwo, baƙo ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Maigida ya ce, “Haba, sai ka taɓa.” Baƙo ya ce wallahi ya ci a hanya. Maigida ya jawo kwano ya ajiye a gabansa ya ce ba zai tashi ba sai ya sa hannu. Dukansu biyu sun san a'a ta fari ta kunya ce, maigidan da ya karɓe ta ya janye kwanonsa kuwa marowaci ne. Haka mutanen nan biyu na Imuwasu suka yi wa baƙon da suka haɗu da shi a hanya da yamma ta yi, haka Lidiya ta yi wa su Bulus a Filibi har suka sauka a gidanta.

Tafintan da ya iso wannan aya ya ce “ka tilasta musu”, a kunnen jikan wanda aka ɗiba aikin hanya, ya sa wa bawan nan hular dogarin kumandan. Yana da “ka matsa musu”, yana da “ka nace”, yana da “kada ka bar su su ƙi don kunya”, kowanne kuwa ya fi kusa da abin da maigidan bikin yake nufi. Wannan ya shafi har yadda ake bi da yaran da suke zaune a gidajen masu bi, da marasa lafiya da suke zuwa asibitin mishan, da masu karɓar hatsin taimako a shekarar fari. Wanda ya ga buhun gero a hannun mai wa'azi, yunwa kuwa tana cinsa, zai amsa kowace tambaya da i, a rubuta sunansa a littafin masu neman baftisma. In damina ta yi kyau ba a ƙara ganinsa ba, sai a ce ya ja da baya, alhali gero ya zo karɓa.